Dashen Ƙoda Ya Iso Sakkwato, Amma Wa Zai Kai Matanmu?



A watan Fabrairu na shekarar 2025 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya sanar da cewa likitocinsa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Isma'ila Mungadi, sun yi dashen ƙoda na farko a asibitin, aikin kuma ya yi nasara. Wannan abin godiya ne ga Allah, abin yabo ne kuma ga likitocin. Kafin wannan lokaci, mutumin jihar nan da ƙodarsa ta daina aiki, in yana da hali, sai ya nufi Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara wannan aiki tun 2002, ko Abuja, ko Legas, ko kuma ya haura Indiya ko Masar. Yanzu kuwa daga Boɗinga mota ba ta cika awa ɗaya ba za ta sauke ka a ƙofar asibitin. Daga Shagari ma hanyar guda ce, ƙarin tafiyar kaɗan ne.

Nisa dai ya ragu. Tambayar da muke so mu ajiye a gaban ikkilisiya ita ce: in wannan cuta ta kama mutum biyu a cikinmu, magidanci da matar aure, shekarunsu ɗaya, ciwonsu ɗaya, saboda wanne a cikinsu za a sayar da fili ko babur? Saboda wanne za a buga waya gida a ce 'yan'uwa su zo a gwada jininsu? Kowa ya san amsar da aka saba bayarwa, ko da ba a furta ta da baki.

Domin waɗanda ba su san yadda abin yake ba: ƙoda biyu Allah ya ba kowane mutum, aikinsu tace jini da fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu lalata su, kuma sukan yi ɓarnarsu shekara da shekaru mutum bai ji komai ba. Sa'ad da ƙodar ta mutu gaba ɗaya, hanya biyu ce ta rage. Ko dai wankin ƙoda, wato a haɗa mutum da na'ura ta tace masa jini, sau uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, har iyakar ransa, ko kuwa a dasa masa ƙoda ɗaya daga jikin wani. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki a wasu asibitocinta daga kusan naira 50,000 zuwa naira 12,000. Ragi ne babba, amma ku yi lissafi. Sau uku a mako naira 36,000 ke nan, a wata naira 144,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ba a sa kuɗin mota da na gwaji da na ƙarin jini ba. Shi ya sa wani nazari da aka buga a 2017 a kan ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa cikin manyan da suka fara wanki saboda mutuwar ƙoda, kusan ɗaya cikin 10 ne kawai ke iya ci gaba har wata uku. Dashe kuwa kuɗinsa miliyoyin naira ne a tashi ɗaya, bayansa ga magungunan da za a sha kullum don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Duk da haka shi ne hanyar da ke mayar da mutum gona ko aji ko kasuwa.

To, su wa ake yi wa dashen? A Indiya, inda 'yan Nijeriya da yawa suka je neman wannan aiki, alkaluman hukumar dashe ta ƙasar sun nuna cewa tsakanin 1995 da 2021 an yi dashen sassan jiki 36,640, akasarinsu ƙoda, amma mata 6,945 kawai ne a cikin waɗanda suka amfana. Wato cikin kowane mutum biyar da aka ceto, huɗu maza ne. Masu bayarwa da ransu kuwa, kusan huɗu cikin biyar mata ne, iyaye mata da matan aure. A Amurka, inda akwai kuɗi da inshora, tazarar ba ta kai haka ba, amma tana nan: kusan 60 cikin 100 na masu ba da ƙoda da ransu mata ne, kusan 60 cikin 100 na masu karɓa kuma maza ne. Wanda ya fi taɓa mu shi ne wani bincike da aka buga daga Kanada a shekarar 2000, wanda ya duba ma'aurata. Cikin matan da gwaji ya nuna za su iya ba mazajensu ƙoda, 36 cikin 100 sun bayar. Cikin mazan da gwaji ya nuna za su iya ba matansu, waɗanda suka bayar ba su kai 7 cikin 100 ba.

Adalci ya sa mu faɗi abin da likitoci ke faɗa, cewa ko da yake ciwon ƙoda ya fi yawa a jikin mata, ya fi saurin kai namiji ga mutuwar ƙodar gaba ɗaya, saboda haka ba abin mamaki ba ne maza su ɗan fi yawa a wurin wanki da dashe. Amma ɗan rinjaye daban, huɗu cikin biyar daban. Halitta ba ta isa ta bayyana wannan tazara ita kaɗai ba.

A ƙasarmu labarin ya ɗan bambanta da na Indiya, bambancin kuwa ba na murna ba ne. Tun daga dashen farko da aka yi a Asibitin St. Nicholas na Legas a shekarar 2000 har zuwa 2010, dashe 143 aka ƙidaya a asibitoci biyar na Nijeriya, yawancin masu karɓa kuwa maza ne. Rahotannin asibitoci da dama sun nuna cewa a nan masu bayarwar ma maza sun fi yawa. Wato wa ne ke ba ƙane, ɗa ke ba uba, aboki ke ba aboki. Maza ne ke ceton maza. Macen ba ta kan gadon mai bayarwa sosai, ba ta kuma kan gadon mai karɓa. Tana gida, ƙafa a kumbure, ana jiƙa mata saiwa.

Ga dalilin da ya sa wannan magana ta zama ta ikkilisiya, ba ta likitoci kaɗai ba. A Ingila da Amurka akwai jerin sunayen masu jira, in wani ya rasu ya bar wasiyyar a ɗauki ƙodarsa, hukuma ce ke duba wanda ta dace da shi da wanda ya daɗe yana jira. A Nijeriya kusan duk dashen da ake yi daga jikin mai rai ne, kuɗin kuma daga aljihun iyali. Saboda haka hukumar da ke yanke wa za a ceta a wurinmu ita ce zaman da ake yi a tsakar gida bayan cin tuwon dare: miji, yayyensa, wani kawu da aka kira ta waya, wani lokaci da fasto ko dattijo ɗaya da aka gayyato ya buɗe da addu'a. Likita bai ga matar ba tukuna, an riga an gama shari'arta.

Mun san irin maganganun da ake yi a wannan zama. In maigida ne ya kwanta, sai a ce shi ne ginshiƙin gida, in ya faɗi kowa ya faɗi, a sayar da abin da za a sayar. Matar ce ma za ta fara fito da ɗinkunanta da kuɗin adashenta da akuyar da take kiwo. In ita ce ta kwanta, sai muryoyi su yi ƙasa. A ce a ɗan gwada na gargajiya tukuna. A ce kuɗin makarantar yara fa. A ce a bar wa Allah. Muna tambaya, don me ba a tuna da bar wa Allah sai in mace ce a kwance? Wanda ya ce mace ba ta kawo kuɗi gida, ya je kasuwar Boɗinga ko ta Shagari ranar ci ya ƙidaya masu tallar ƙuli da mai da daddawa, ya shiga makarantun firamare da ɗakunan shan magani ya ga su wa ke riƙe da su. Ko da ma ba ta kawo ko kwabo, wa ya ce da albashi ake auna ran mutum? Mu da muke koya wa yara a makarantar Lahadi cewa mace da namiji duka cikin siffar Allah aka halicce su, ba mu da bakin da za mu yi wannan lissafi.

Akwai kuma wani abu da yawancin mutane ba su sani ba, wanda ya kamata kowane dattijo ya riƙe. Duk cikin da mace ta ɗauka, rabin halittar jaririn daga uba ne, jikinta kuma yakan ɗauki wannan rabin a matsayin baƙo, garkuwar jikinta ta shirya makaman yaƙi da shi ta ajiye. Wannan ba ya cutar da ita a rayuwar yau da kullum. Amma ran da aka zo dasa mata ƙoda, waɗannan makamai na iya far wa ƙodar mijinta, har ma da ta 'ya'yan da ta haifa, gama su ma suna ɗauke da rabin ubansu. Gwargwadon yawan haihuwa, gwargwadon yiwuwar haka, ƙarin jini da aka taɓa yi mata kuma yana daɗa shi. Ba kowace mace ce abin ke faruwa da ita ba, gwajin asibiti ne kaɗai ke nunawa, saboda haka kada wani miji ya ɗauki wannan ya mai da shi mafaka ya ƙi zuwa a gwada shi. Abin da yake nufi shi ne, matar da ta haifa wa gida 'ya'ya bakwai, haihuwar nan ce ta rage mata masu iya ba ta ƙoda a cikin gidan da ta cika da mutane.

In haka ne, begenta mafi ƙarfi yana wurin waɗanda suka fito ciki ɗaya da ita. Tsakanin 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, akwai damar ɗaya cikin huɗu jikinsu ya dace sarai, irin dacewar da ke sa ƙoda ta daɗe tana aiki. A nan ne halin zamanmu ya shigo. Da yawa daga cikin membobinmu aiki ne ko kasuwanci ko aure ya kawo su ƙasar Sakkwato. Matar tana Shagari, yayyenta suna Zuru, ko Kafanchan, ko Pankshin, ko can ƙasar Tangale. Abin da aka saba yi kuwa shi ne a yi shiru har sai ciwo ya ci ƙarfinta, sa'an nan a sa ta a mota a ce an kai ta gida ta yi jinya. Sau da yawa wannan kai gida sallama ce da aka yi wa ado. An ɗauke ta daga kusa da asibitin koyarwa an kai ta ƙauyen da babu na'urar wanki, an sauke nauyin a kan tsohuwar uwa wadda ita ma jinyar take bukata. Abin da ya dace shi ne a juya tafiyar: tun ran da likita ya ce ƙodar ta fara rauni, a sanar da danginta, a kira 'yan'uwanta su zo inda asibiti yake, ikkilisiya ta ba su masauki. Zumunta a ƙafa take. Fastocinmu suna da lambobin abokan aikinsu a waɗancan garuruwa, wasiƙa ɗaya daga majalisar dattawa zuwa ikkilisiyar garinsu tana iya yin abin da kunyar suruki ta hana miji yi.

Mu juya ga matar da ake so ta bayar. Ba mu hana kowace mace ba mijinta ko ɗanta ƙoda ba, aikin ƙauna ne babba, mai lafiya kuma yana rayuwa da ƙoda ɗaya yadda ya kamata in likitoci sun tantance shi da kyau. Amma kyauta sai da yardar zuciya. Matar da aka zaunar a gaban surukai goma aka ce ke muke jira, wadda ta san in ta ce a'a zaman gidan ya ƙare mata, ba a nemi yardarta ba, an dai sanar da ita. Wannan ne ya sa likitocin dashe ke ganawa da mai bayarwa shi kaɗai, kuma yana da ikon janyewa ko da ranar aiki ce. Dattijon da aka kira irin wannan zama, hakkinsa ne ya tambaya a fili: an gwada 'yan'uwan mara lafiyan maza? Ko kuwa an tsallake su don suna aikin ƙarfi, aka sauka a kan wadda ba ta iya musu? Har wa yau, mace mai sauran haihuwa a gaba ta cancanci a gaya mata gaskiya. Wani bincike daga Kanada a 2015 ya nuna cewa hawan jini na lokacin ciki ya kama kusan 11 cikin 100 na matan da suka taɓa ba da ƙoda, a kan 5 cikin 100 na waɗanda ba su bayar ba. Yawancinsu sun haihu lafiya, amma haƙƙinta ne ta ji wannan kafin ta sa hannu. Mazaje kuma su sake karanta sura ta 5 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, wadda ake karanta mana a kowane ɗaurin aure, su ga a wuyan wa aka rataya ba da kai.

Sayen ƙoda kuwa kada ma a kawo shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jikin mutum, a watan Maris na 2025 kuma gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idojin aikin dashe da suka ƙara jaddada haka. Kowa ya ji yadda kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8 a 2023 a kan yunƙurin samo wa 'yarsa ƙoda daga jikin wani saurayi talaka. Ba a ceton ɗan wani da jikin ɗan wani.

Wata hujja da ake kawowa a ɓoye ita ce, ko an yi wa mace dashe ba za ta ƙara haihuwa ba, to me za a kashe miliyoyi a kai? Ko da gaskiya ne, hujjar banza ce, gama ba don haihuwa kaɗai take raye ba. Amma ma ba gaskiya ba ne. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya an yi shi a birnin Boston na Amurka a watan Disamba 1954, tsakanin tagwaye maza. A 1956 aka yi wa wata mata mai suna Edith Helm a wannan birni, da ƙodar 'yar'uwarta tagwai, a 1958 kuma ta haifi ɗa namiji. Ta rayu har 2011. Tun daga lokacin dubban mata sun haihu bayan dashe. Abin da likitoci ke nema shi ne a jira aƙalla shekara guda, a kuma shawarce su kafin ɗaukar ciki, domin akwai magungunan da sai an canja.

Yanzu ga maganar asusunmu. Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, wata ba ta cika benci goma ba, babu kuma wadda za ta iya biyan kuɗin dashe ita kaɗai. Ba mu ce za ta iya ba. Amma a wurin da mutum ba shi da dangi kusa, ikkilisiya ce danginsa, abin da ta yi kuma shi ne ke nuna wa iyali inda za su bi. In aka yi baiko na musamman Lahadi uku a jere saboda magidanci, aka rubuta wasiƙu zuwa gunduma da sauran ɗariku, amma da matar wani ta kwanta aka ce Zumuntar Mata su kai mata sabulu da omo su yi mata addu'a, to ikkilisiya ta riga ta yi wa'azi ba tare da ta hau bagade ba. Akan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mata sun riƙe wannan magana da aminci, su ne ke kwana a asibiti, su ne ke dafa wa masu jinya. Amma ba a yi karin maganar don maza su wanke hannu ba. Zumuntar Mata ce ke share majami'a, ita ke cika baiko ran godiyar kaka, ita ke ciyar da baƙi a kowane taro. Ba daidai ba ne ran da ɗayarsu ta faɗi a ce su ji da ita.

Mafi yawan matanmu ma ba za su taɓa bukatar dashe ba in an tare abin da wuri, hanyar tarewar kuwa ba ta da tsada. Matar da ta yi jijjiga ko hawan jini lokacin ciki, ko ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, tana cikin haɗarin ciwon ƙoda nan gaba ko da ta warke sarai, ya kamata a riƙa auna jininta da gwada fitsarinta kowace shekara. Kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa, fitsari mai kumfa, ba abin jira ba ne. Shan maganin ciwon jiki na kemis kullum bayan aikin wahala, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da man canja launin fata, duka suna cin ƙoda. Kusan kowace ikkilisiya a cikinmu tana da nas ko ma'aikacin lafiya. Na'urar awon jini ɗaya da tebur a bakin ƙofa bayan sujada, Lahadi ɗaya a wata, sun isa a fara. In maƙwabtanmu Musulmi suka zo a auna su, a auna su da murna. Cutar ba ta tambayar inda mutum ke ibada, likitocin Sakkwato ma ba sa tambaya.

Ranar Alhamis ta biyu a watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya. A 2018 ta faɗo ran 8 ga wata, daidai da Ranar Mata ta Duniya, masu shirya ta kuma suka sanar cewa mata kusan miliyan 195 ke ɗauke da ciwon ƙoda a duniya, yana kashe kusan 600,000 a cikinsu kowace shekara. Muna roƙon sakataren kowace ikkilisiya a Boɗinga da Shagari, kafin wannan rana ta sake zagayowa, ya buɗe littafin taimakon marasa lafiya na shekara biyar da suka wuce, ya ƙidaya maza nawa aka taimaka da nawa, mata nawa aka taimaka da nawa, ya karanta wa majalisar dattawa, shugabar Zumuntar Mata tana zaune a wurin.